Yadda zaka haɗa likita da masanin abinci in kana so ƙibar da ka rage kar ta dawo

Duk wanda ya taɓa fama da ƙiba ya san cewa zubar da kilo biyar ko shida cikin wata biyu ba wani abin a zo a gani bane, in mutum ya matsa wa kansa da yunwa dole ya ga sikeli ya sauka. Matsalar tana zuwa ne bayan wata shida ko shekara, lokacin da kayan da suka yi maka yawa suka dawo suna matse ka, wani lokacin ma har ka ɗara inda ka faro. Sai mutane su ce ai kwaɗayi ne ko rashin haƙuri, amma gaskiya abin ya wuce nan. Da jiki ya ga yana rasa kitse sai ya fara kare kansa, sinadarin da ke tayar da yunwa wanda ake kira ghrelin sai ya ƙaru, leptin kuma da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki sai ya ragu, sannan ƙarfin da jiki ke ƙonawa a rana shi ma ya yi ƙasa. Akwai binciken da aka yi a Ostireliya aka fitar a 2011 wanda ya nuna cewa har bayan shekara ɗaya da rage nauyi sinadaran nan basu koma yadda suke ba, mutanen suna nan suna jin yunwa fiye da da.

Toh ka ga kenan aikin ya fi ƙarfin niyya kawai, kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Likita shi ne mai duba jini, shi ya san magungunan da kake sha, shi zai iya ƙara wannan ya rage wancan, amma yawanci minti goma ko sha biyar gare shi da kai, daga ƙarshe ya ce "ka rage cin abinci, ka dinga motsa jiki" shikenan, kamar da can baka sani ba. Masanin abinci kuma yana da lokacin zama da kai ya ji me ka ci jiya da dare da kuma dalilin da ya sa ka ci, amma ba shi da hurumin rubuta magani ko canza shi. Kuma abin da ya fi damuna, mutanen nan biyu galibi basu ma san juna ba, kowa na ba ka tasa shawarar ba tare da sanin abin da ɗayan ya faɗa ba. Kai ne kawai ke ganin su duka biyun, don haka kai ne zaka dinga kai saƙo tsakaninsu ko kana so ko ba ka so.

Ka fara da likita kafin ka taɓa abincinka

Kar ka fara rage abinci sannan daga baya ka je asibiti, ka juya shi. Ranar da zaka je ka kwashi duk wani abu da kake haɗiya ka tafi da shi a leda, magungunan asibiti, na ƙarin jini, shayin rage ƙiba, garin da wani ya ba ka, komai dai, don in ka ce zaka faɗa da ka sai ka manta rabi. Ka kuma tuna lokacin da ƙibar ta fara, bayan haihuwa ne, bayan ka fara wani magani ne, bayan ka canza aiki ka koma zaman kujera ne, ko tun yarinta haka kake. Wannan tarihin yana taimaka wa likita fiye da yadda kake zato.

Za a auna nauyi da tsayi a fitar da BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyinka ya dace da tsayinka, lissafin ba wuya, nauyinka a kilo ka raba shi da tsayinka a mita sau kansa. Mai kilo 95 da tsayin mita 1.70 misali, 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, in ka raba 95 da shi zaka samu kusan 33. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma an shiga ƙiba ta ciwo. Amma BMI ba ya bambance tsoka da kitse, kuma ba ya gaya maka inda kitsen ya taru, alhali na ciki wanda ke kewaye da hanta da hanji shi ne mugun. Shi ya sa ni na fi yarda da tef, ka auna ƙugunka wajen cibiya, bai kamata ya wuce rabin tsayinka ba, wato mai tsayin santimita 170 ƙugunsa ya zauna ƙasa da 85.

Sai gwaje-gwaje. Ka nemi a duba hawan jini, sugan jini, musamman HbA1c da ke nuna yadda suganka ya kasance cikin kusan wata uku da suka wuce, wanda a ma'aunin da aka fi amfani da shi 5.7 zuwa 6.4 na nufin kana bakin ƙofar ciwon suga, 6.5 zuwa sama kuma ka shiga. A duba kolestirol, aikin hanta da na ƙoda. Tayirod ma, wato wata gaɓa a wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, ana dubawa in akwai alamu irin su kasala da yawan jin sanyi da bushewar fata, sai dai in faɗa maka gaskiya mutane na ɗora wa tayirod laifin da ya fi ƙarfinsa, ko da yana da rauni kilo kaɗan ne yake jawowa, ba talatin ba. Mace da al'adarta ke tsallake watanni ga gashi a haɓa ga kuraje ta yi maganar PCOS, wato ciwon rikicewar sinadaran jiki da ke taɓa ƙwan haihuwa. Wanda ke minshari mai ƙarfi, ana ce masa numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya tashi da safe a gajiye yana gyangyaɗi da rana, shi ma ya faɗa, don wannan ciwo ne mai zaman kansa kuma rashin barci mai kyau na ƙara yunwa.

Tambayar da kusan kowa ke mantawa ita ce, "likita, cikin magungunan nan akwai mai ƙara ƙiba?" Akwai su da yawa fa. Prednisolone da dexamethasone da 'yan uwansu, insulin, glibenclamide, olanzapine, amitriptyline, mirtazapine, valproate na farfaɗiya, allurar tsarin iyali ta wata uku ga wasu matan, da cyproheptadine da ke buɗe ciki. Mutum na can yana kashe kansa da yunwa ashe ƙwayar da yake haɗiya kowane dare ce ke mayar da shi baya. Amma don Allah kar ka daina sha da kanka, wasu in aka yanke su farat ɗaya haɗari ne babba, musamman su prednisolone da magungunan farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa. Sau da yawa akwai wani madadin da ba ya ƙara nauyi, likita ne zai duba in ya dace da kai.

Kafin ka fito ka karɓi kwafin sakamakon, ko ka ɗauke shi hoto a waya, sannan ka roƙi likita ya rubuta layi biyu ko uku ga masanin abinci, ciwon da kake da shi, magungunanka, da abin da bai yarda a yi ba.

Wane masanin abinci

A ƙasashe da yawa wanda ya karanci ilimin abinci na asibiti yana da rajista da lasisi, amma sunan "koci" ko "mai ba da shawara kan abinci" kowa na iya laƙaba wa kansa, har wanda ya yi kwas na sati biyu a intanet. In kana da ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, ko kina da ciki, mai lasisin nan shi zaka nema ba wani ba. In lafiyarka ƙalau ƙibar ce kawai, koci mai hankali zai iya taimaka maka wajen ɗorewa, amma dai ka lura da yadda ya karɓe ka a zaman farko. In bai tambaye ka magungunanka ba, bai nemi ganin gwajinka ba, ya zaro takarda ɗaya da yake ba kowa, ko kuma maganar ta ƙare a kan wani gari ko shayi da shi da kansa ke sayarwa, toh ka yi gaba abinka. Wanda ya ce maka ka ajiye maganin asibiti tunda ka fara tsarinsa kuwa, wannan ko sallama kar ka tsaya yi masa.

Maganar shayin nan ma bari in ɗan tsaya a kanta. Yawancinsu maganin gudawa ne ko mai sa fitsari, ruwa kake zubarwa sikeli ya yaudare ka, kuma hukumomin magunguna sun sha kama irin waɗannan kayan da aka ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An ce garin neman ƙiba a samo rama, nan kuma garin neman rama ne mutum zai samo gadon asibiti.

Nagari zai fara ne da abin da kake ci yanzu. Zai ce ka rubuta komai na kwana uku zuwa bakwai har da ranar hutu, abin da ka ci, lokacin, da yanayin da kake ciki, kuma ka rubuta gaskiya don in ka gyara takardar kanka ka cuta. Daga nan ne za a ga inda kalori ke shigowa ta bayan gida, kuma kusan kullum wurare biyu ne, abin sha da mai. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da suga wajen giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sugan da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin rana, kusan giram 50 kenan ga babban mutum, in an samu rabin haka ma ya fi. Mai kuwa giram ɗaya kalori 9 ne, sitaci da furotin 4 kowanne, babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma wa ke ƙirga cokali in ana girki?

Inda haɗarin yake, tsakanin su biyun

Nan ne nake so ka nutsu sosai, don abinci da magani suna taɓa juna, kuma in ka canza ɗaya ɗayan ma sai an duba shi.

Ɗauki mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide. An tsara masa adadin maganin ne bisa yadda yake ci a da. Ya je wajen masanin abinci an rage masa sitaci da rabi, shi kuma ya ci gaba da shan magani yadda yake, me kake tsammani? Suga zai faɗi, karkarwa, gumi, jiri, ruɗewa, wani har suma, kuma in abin ya same shi yana tuƙi ko cikin barci ba wasa bane. Duk lokacin da na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi kenan, a sha wani abu mai zaƙi nan take sannan a sanar da likita. Abin da ya dace shi ne tun kafin ranar da zaka fara sabon tsarin ka kai wa likita takardar ya gani, ya gaya maka yadda zaka rage maganin da kuma sau nawa zaka dinga auna suga a satin farko.

Haka hawan jini. In nauyi ya sauka aka kuma rage gishiri jinin na sauka, wanda abin murna ne, amma in maganin bai canza ba sai ka ga mutum na ganin duhu in ya miƙe tsaye. Ka dinga aunawa a gida kana rubutawa, in ka ga yana ta yin ƙasa ga jiri ka koma a rage maka. Akwai kuma gishirin da ake sayarwa a matsayin madadin gishiri mai sinadarin potassium, mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril ko losartan ko mai ciwon ƙoda kar ya fara shi sai ya tambaya, don potassium in ya taru a jini yana rikita bugun zuciya.

Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, aka ce masa ya cika faranti da ganye, shawara ce mai kyau ga kowa amma shi ganyen na da bitamin K da ke rage ƙarfin maganin, ba wai ya daina ci bane, ya dai ci daidai gwargwado kullum kar yau tuli gobe babu, kuma a sake gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, bayan canjin. Mai shan levothyroxine, maganin tayirod, ya sha shi da ciki wayam, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, in an ƙara masa ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini ya raba su da awa huɗu, in ba haka ba maganin ba zai shiga jiki yadda ya kamata ba. Mai shan maganin suga empagliflozin ko dapagliflozin kuma ya guji tsarin nan na keto da ake yanke sitaci kwata-kwata, don haɗuwarsu na iya jawo jini ya yi tsami, ciwo mai kai mutum ɗakin gaggawa, kuma abin tsoron shi ne na'urar suga na iya nuna komai lafiya. Shi ma yawan furotin da ake ta yayi yanzu, ga mai lafiyayyar ƙoda ba laifi, ana ma ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 a rana a kowane kilo na nauyi lokacin rage ƙiba don kar tsoka ta zube, amma ga wanda ƙodarsa ta yi rauni lissafin daban ne, kuma masanin abinci ba zai sani ba sai ya ga gwajin.

Maganin duk wannan abu ne mai sauƙi har ya ba da dariya: littafi ɗaya. Ko na takarda ko a waya. Shafin farko magungunanka da adadinsu, sai sakamakon gwaji da kwanan wata, sai nauyi da ƙugu, sai tsarin abincin da kake kai. Duk wanda ka je wajensa cikin su biyun ka buɗe masa ya ga abin da ɗayan ya canza. In asibitin da kake zuwa na da masanin abinci a ciki ka zaɓe shi ko da akwai wanda ya fi shi suna a waje, don fayil ɗaya suke dubawa. In kuma a wurare daban suke ka ba su izini su yi magana da juna kai tsaye, saƙo ɗaya a waya na iya hana matsala babba.

Ku yarda da buri ɗaya ku ukun

Kar ya zama kai kana mafarkin kilo 30 kafin wani biki, likita na kallon suga, masanin abinci na kallon faranti. Burin farko da ya dace shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka cikin wata shida, mai kilo 100 ya zubar da 5 zuwa 10 kenan. Na san zaka ce ai wannan ba komai, amma dubi abin da aka gani a wani babban bincike na Amurka kan rigakafin ciwon suga da aka fitar a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa aka sa musu burin rage kashi 7 na nauyi da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, waɗanda aka ba maganin suga metformin kawai kuma kashi 31. Kuma ba takarda aka miƙa musu aka ce su tafi ba, zama 16 aka yi da kowannensu a watanni shidan farko. Wannan yawan haɗuwar shi ne sirrin, don haka a farko ka dinga ganin masanin abinci duk sati ko duk sati biyu ko da ta waya ne, likita kuma bayan wata ɗaya in an taɓa magani, sannan duk wata uku a maimaita gwaji.

Saurin da ake so rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, wanda ke samuwa in ka rage wajen kalori 500 a rana. Faranti kuma rabi kayan lambu, kwata furotin, kwata sitaci, ruwa a madadin lemo. Wane tsari ya fi, rage sitaci ko rage mai ko taƙaita awannin ci? Da aka gwada su na tsawon shekara bambancin bai taka kara ya karya ba, wanda ka iya riƙewa shi ne naka. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a sati, da kwana biyu na aikin ƙarfi don tsoka, amma mai ciwon zuciya ko gwiwa ko wanda suga ya taɓa masa ƙafa ko ido ya ji daga likita tukuna. Barci awa bakwai zuwa tara.

Akwai tsari mai tsanani na kalori wajen 800 a rana, kuma yana aiki, a binciken DiRECT na Birtaniya da aka fitar a 2017 kusan kashi 46 na masu ciwon suga nau'i na biyu da suka bi shi sugansu ya koma daidai ba magani bayan shekara ɗaya, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Amma ka lura, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi, su suka tsayar da magungunan suga da na hawan jini a ranar farawa suna bibiya, sannan aka dawo da abinci a hankali mataki-mataki. Wanda ya kwaikwayi wannan shi kaɗai a ɗaki yana wasa da ransa ne, ga kuma tsakuwar maɗaciya da saurin ramewa ke jawowa.

Allura da tiyata

Yanzu kowa maganar allurar rage ƙiba yake. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon suga da Wegovy don ƙiba, a gwajin da aka yi mutane sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu cikin sati 68, tirzepatide kuma mai sunan Mounjaro ya kai wajen kashi 20 a babban adadi. Suna rage yunwa ne su sa abinci ya daɗe a ciki. Yawanci ana ba mai BMI 30 zuwa sama, ko 27 in akwai wani ciwo kamar suga ko hawan jini. Ni ban ga abin kunya a ciki ba, ƙiba ciwo ce kuma magani ne. Amma ba na mai ciki bane, mai neman haihuwa ma sai ta daina semaglutide wata biyu kafin nan, wanda ya taɓa ciwon fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko a danginsu akwai wani nau'in kansar tayirod dole ya faɗa wa likita, kuma na jabu sun yi yawa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024, don haka ba abin saye a hannun wani a Instagram bane.

Wasu na ganin in sun fara allura sun huta da masanin abinci, alhali lokacin ne ma suka fi buƙatarsa. Cikinka ya zama ɗan ƙarami, loma kaɗan ka ƙoshi, toh in lomar nan ta zama ta kayan zaƙi da soye-soye ina furotin zai fito? Sai tsoka ta tafi tare da kitse, gashi ya fara zuba, ƙarfi ya ƙare. Shi zai nuna maka ka fara da furotin a kowane ci, ka ci kaɗan-kaɗan, ka rage maiƙo don tashin zuciya, ka ƙara ruwa da kayan lambu saboda taurin bayan gida, in kuma amai ya yi yawa shi zai ce ka koma wa likita a dakata da ƙara adadin allurar. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya kuwa asibiti kai tsaye. Ka kuma san wannan tun kafin ka fara, waɗanda suka daina semaglutide bayan gwajin nan, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Don haka ka tambayi likita tun ranar farko har yaushe zan yi, in na kasa ci gaba da saye fa, mene ne shirin.

Tiyatar rage ciki ita ce mafi ƙarfi kuma mafi ɗorewa ga mai ƙiba sosai, galibi daga BMI 35 zuwa sama, wani lokacin ƙasa da haka in akwai ciwon suga da ya ƙi jin magani. Bayanta akwai bitamin B12 da sinadarin ƙarin jini da kalsiyam da gwajin jini na tsawon rai, wanda bai shirya wa wannan ba bai shirya wa tiyatar ba.

In sikeli ya tsaya, da kuma bayan an kai

Wajen wata na shida kusan kowa sikelinsa ke tsayawa, haka abin yake, jikin ya ƙanƙance yana buƙatar abinci ƙasa da da, ga kuma hannu ya ɗan saki ba tare da ka lura ba. Kar ka yanke abinci da rabi don haushi. Ka koma rubuta abin da kake ci na sati ɗaya ka kai wa masanin abinci, ka auna ƙugu don wani lokacin yana raguwa sikeli na tsaye, sannan likita ya duba ko an ƙara maka wani sabon magani, ko barci ya lalace, ko lokaci ya yi da za a kawo maganin rage ƙiba cikin tsarin. In kuma kana samun kanka kana cin abinci mai yawan gaske a ɓoye ka kasa tsayawa, ko kana sa kanka amai bayan ci, ko damuwa ce ke tura ka kicin da dare, ka faɗa musu ƙarara, wannan na buƙatar mutum na uku wato masanin halayya, kuma ƙara matse abinci a irin wannan hali ƙara dagula shi yake. Haka nan nauyin da ke zuba da kansa ba ka yi komai ba, ba abin murna bane, a je a duba.

Ranar da ka kai burinka kar ka sallami kowa, ka dai rage yawan zuwa, masanin abinci duk wata ɗaya sannan duk wata uku, likita sau ɗaya ko biyu a shekara da gwaji. Akwai wata rajista a Amurka da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da ɗoriya suka riƙe shekara ɗaya ko fiye, abin da aka fi gani a tare da su shi ne suna hawa sikeli a kai a kai kuma suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, yawanci tafiya ce kawai. Ka zaɓi rana ɗaya a sati, da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, sikeli ɗaya, ka rubuta. Ku kuma ajiye lamba tun yanzu kai da masanin abincinka, misali in nauyi ya hau da kilo 2 ko 3 ya zauna a nan sati biyu, ba jira ba jin kunya, ka kira shi a satin. Duk likitan da zai rubuta maka sabon magani kuma, ko na wani ciwo ne daban, ka buɗe masa littafin nan ka tambaye shi ko maganin na taɓa nauyi kafin ka karɓa.